Abun yatsa na nuna 99 amma likita yace oksijin baya kaiwa jikin mara lafiya, ya abun yake?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah likitoci da manyan nas ɗin dake gidan nan ina neman a warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya, ko barcin kirki na kasa saboda shi.

Ni ɗaliba ce a ɓangaren jinya, sati biyu kenan da aka turo mu ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman. Akwai wani bawan Allah da aka yiwa aiki a ciki, hanjinsa ne ya huje, da yamma aka fito dashi daga tiyata aka kawo shi wajenmu yana kan injin numfashi. Ni aka bawa rubuta awonsa duk bayan awa ɗaya. To ni dai idona na kan monita, wannan abun da ake maƙalawa a yatsa yana ta nuna 98, 99, wani lokacin har 100, BP ɗinsa ma bai faɗi can ƙasa ba, zuciya ce kawai ke sauri wajen 120 nace ƙila zafin wajen ɗinki ne, hankalina kwance. Wajen ƙarfe biyun dare likita ya shigo, monitan ma kallo ɗaya yayi masa, ya kama hannun mutumin ya danne kan yatsa ya saki yana kallo, ya yaye mayafi ya taɓa gwiwa da ƙafa, ya ɗaga ledar fitsari, sai naga fuskarsa ta canza. Yace tun yaushe fitsarin nan yake haka? Na duba takardata, awa uku gaba ɗaya mil 40 kacal, kuma ni na rubuta da hannuna amma ban ɗauke shi a bakin komai ba. Nan take yasa aka ɗebi jini, sakamako ya fito laktet 5.6, himogulobin 6. Ya juya yace wa sistar da nake ƙarƙashinta jikin mutumin nan baya samun oksijin, aka shiga neman jini, aka taso likitan da yayi aikin, kafin asuba an koma dashi tiyata, ashe jini ne ke zuba a cikin.

Ba wanda yayi min faɗa, sistar ma cewa tayi haka ake koyo, amma ni abun na cina a rai don awa uku ina zaune a gefensa ina rubuta 99. Tambayata anan, ta yaya na'ura zata nuna 99 kuma ace jiki baya samun iska? Ƙarya take yi ko ni ce ban fahimci abun da take aunawa ba? Sannan akwai wata na'urar da ke auna oksijin ɗin da ya isa cikin tsoka ko ƙwaƙwalwa kai tsaye? In babu, me ya kamata in dinga dubawa? Bana son irin haka ta sake faruwa a hannuna.

Mai Sa Barci:

Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya baiwa bawan Allahn nan lafiya. Ni aikina sa barci ne a tiyata, kuma abun nan da ya ruɗa ki kusan duk wanda ya fara aiki a ICU sai ya ruɗa shi, don monita akwai ɗaukar ido.

Na'urar bata yi miki ƙarya ba, aikin da aka ƙera ta dominsa shi tayi. Tana haska yatsa da haske iri biyu, ja mai nanomita 660 (awon zangon haske kenan) da wani wanda ido baya gani mai 940. Himogulobin, wato sinadarin da ke dakon oksijin a cikin jini, wanda ya ɗauko oksijin da wanda ya zo fanko kowanne da yadda yake shanye hasken, daga nan take lissafa kashi nawa ne a cike. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a 1972, dabarar kuwa itace na'urar ta dinga bin bugun jini, abun da ke motsi tare da bugun zuciya shi kaɗai take karantawa ta watsar da fata da ƙashi da jinin da ke kan hanyar komawa. Kinga kenan abu ɗaya take gaya miki, jinin da ya baro huhu yayi lodi. Kamar ace miki motocin da suka bar tasha a cike suke maƙil. Ba a faɗa miki mota nawa bane, ba a faɗa miki da wane gudu suke tafiya ba, ba a ce miki hanya a buɗe take ba, balle ki san ko an sauke kayan a inda ake jiransu.

Bari muyi lissafi da mutumin naki. Giram ɗaya na himogulobin in ya cika yana ɗaukar oksijin kamar mil 1.34. Mai lafiya da himogulobin ɗinsa yake 15, a kowane mil 100 na jininsa akwai oksijin wajen mil 20. Zuciya na turo kamar lita 5 a minti, kenan duk minti kusan mil 1000 na oksijin ke fita zuwa jiki. Jikin kuwa in mutum na kwance yana hutawa wajen mil 250 yake ci, kashi ɗaya cikin huɗu, sauran ya koma yadda ya zo, shiyasa jinin da ke dawowa zuciya ma zaki same shi da cikar kashi 70 zuwa 75. Akwai rara mai yawa da Allah ya ajiye mana. To naki mai himogulobin 6, ko na'ura ta nuna 100, mil 8 ne kawai a kowane mil 100. In zuciya na iya turo lita 5 ɗin nan mil 400 kenan, da ɗan dama dama. Amma mutum ne da jini ke tsiyaya a cikinsa, abun da ke komawa zuciya ya ragu, a ƙaddara lita 3 take iya turowa, lissafi ya dawo mil 240. Ga zazzaɓi ga ciwo ga ƙwayoyin cutar da suka fito daga hujin hanji, duk suna ƙara buƙatar jikin ta haura 250 ɗin, kuma jiki baya iya tatse oksijin ɗin jini tas. An shiga bashi kenan, abun yatsa kuma na nan na nuna 99 ɗinsa saboda ɗan jinin da ya rage ɗin a cike yake.

BP ɗin da ya kwantar miki da hankali kuwa ga abun da ya faru. In jiki yaga abun zai gaza sai ya tsuke jijiyoyin fata da na hanji da na ƙoda don ya tanadarwa ƙwaƙwalwa da zuciya, wannan tsukewar ce ke riƙe BP ya zauna kamar ƙalau, musamman a matashi mai ƙarfi, sai abu yayi nisa yake faɗuwa. Shiyasa likitan ya nufi yatsa da gwiwa da ledar fitsari, wuraren da aka fara yankewa rabo ya je ya duba.

Laktet kuma, in ƙwayoyin jiki basu samu oksijin isasshe ba suna ƙona suga ne rabi da rabi, ragowar da ke taruwa shine laktet. Ƙasa da 2 shine daidai, in ya haura 4 a mara lafiya irin wannan ba a zama. Akwai wani awon da muke yi in mutum na da robar nan ta wuya da ke zuwa kusa da zuciya, sai mu ɗebi jinin da ya gama zagaye ya dawo mu auna cikarsa, ana ce masa ScvO2. In ya dawo da 70 ko sama kaɗan jiki ya ci ya bar saura. In ya dawo da 50 to jiki na tatsa ne da ƙarfi don abun da ake kawo masa bai isa ba. Amma ki lura, in cuta ta shiga jini sosai zaki iya ganin 85 kuma mutum na cikin hatsari, domin jinin na wucewa ne ta gefe bai shiga ƙananan jijiyoyi yadda ya kamata ba, ko ƙwayoyin jikin sun kasa amfani da oksijin ɗin, ya dawo ba a taɓa shi ba.

Sista Mai Aikin Dare:

Ƙanwata ki share hawayenki, kuma kin kyauta da kika tambaya, matambayi baya ɓata. Likita ya gama bayanin lissafi, ni bari in faɗa miki na bakin gado, shekarata 14 a ICU.

In na karɓi mara lafiya kafin in kalli monita hannunsa nake fara kamawa. Ki ɗaga hannun daidai ƙirji, ki danne kan yatsa har yayi fari, ki riƙe da kyau ba taɓa ka saki ba, sannan ki saki ki ƙirga. In jinin bai dawo ba har ya wuce sakan 3 to da magana. Daga nan ki bi da bayan hannunki tun daga tafin ƙafa ki hau sama, ki ji a ina sanyi ya ƙare ɗumi ya fara, idon sawu ne, ƙwauri ne, ko har gwiwa. Ki riƙe wajen a ranki ko ki rubuta, bayan awa ɗaya ki sake, in sanyin na hawa sama abun na ƙaruwa, in yana sauka to maganin na aiki. A littafi zasu ce miki ki duba dabbare dabbaren da ke fitowa a gwiwa, gaskiya ne, saidai a baƙar fata yana wuyar gani balle da dare fitila a rage, shiyasa nake dogara da taɓawa da kuma duba tafin hannu, ƙasan farce, cikin leɓe da cikin fatar ido.

Fitsari kuma ki haddace wannan, rabin mil ga kowane kilo a kowace awa. Mutum mai kilo 70 ana so ya baki mil 35 a awa, awa uku ya haura 100, naki ya bada 40. Da farko ki tabbatar robar bata lanƙwashe ba ko ta toshe, in lafiyarta lau kuma awa biyu a jere fitsari na ƙasa da ƙa'ida, kira likita, kar ki jira zagayen likitoci na safe, ko ya ɓata rai ki kira.

Wanda ba ya kan inji kuma hankalinsa ma awo ne. Bazan manta wata dattijuwa ba da aka yiwa aikin ƙashin ƙugu, da yamma muna ta hira da ita tana min addu'a, cikin dare sai ta fara fizge fizge tana cire kanula tana cewa a buɗe mata ƙofa ta fita. Yarinyar da muke duti tare tace a nemo mata allurar da zata kwantar da ita. Na taɓa ƙafarta sanyi ƙalau kamar an tsoma a ruwa, goshi na gumi, oksimita, wato abun yatsan nan, na nuna 97. Ashe jininta ne yayi ƙasa sosai, da aka ƙara mata leda biyu da safe ta dawo mutum, ko tuna abun da tayi bata yi. Da mun bi ta allurar barci da Allah kaɗai ya san yadda za a kwana.

Sannan ita kanta na'urar yatsan kar ki karanta lamba kawai, ki kalli igiyar da ke hawa da sauka a ƙasanta. In igiyar ta zama ƙarama ko tana hargitsewa, lambar ba abun dogaro bace, kuma ƙanƙancewar igiyar ma saƙo ne, jini ne baya isa yatsan. Hannu mai sanyi, rawar ɗari, fenti a farce, ko a maƙala ta a hannun da ake awon BP duk suna ɓata karatu, in yatsa ya ƙi ki koma kunne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ki haɗa idonki da hannunki da na'ura, kuma ki dinga kallon layin awon daga sama zuwa ƙasa, zuciya 95, 105, 112, 120 a jere magana ce take miki ko da kowace lamba ita kaɗai bata firgita ki ba.

Abban Yara:

Salam, ni ba maaikacin lafiya bane amma wannan zance ya tabo ni. Bara akayiwa mahaifina aikin zuciya, da aka bari muka leka shi bayan an fito naga an manna masa wasu abubuwa guda biyu a goshi kamar filasta da waya ajiki, wani karamin allo yana nuna 64 da 61. Wallahi saida kafata ta kusa kasa daukata saboda nasan ance in na yatsa ya sauka kasa da 90 akwai matsala, ga wannan yana 60 da wani abu kuma nas din bata damu ba ko kadan. Naji nauyin tambaya lokacin saboda suna ta aiki. Alhamdulillah ya warke yana gida, amma har yau ban san menene wannan ba, likita dan Allah shima irin wancan ne?

Mai Sa Barci:

Malam Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Abun da ka gani shine amsar tambayar ɗalibarmu ta biyu, na'urar da ke leƙa oksijin a cikin naman jiki kansa. Ana ce mata NIRS, wani masani mai suna Frans Jobsis ne ya nuna a 1977 cewa irin hasken nan da ido baya gani yana iya ratsa fata da ƙashin kai ya shiga ƙwaƙwalwa. Filastar na da fitila a gefe ɗaya da ido biyu masu karɓar haske a ɗaya gefen, na kusa na karɓar hasken da ya bi ta sama sama, na nesa na karɓar wanda ya ɗan nutsa, sai a cire na farko daga na biyu a samu na ƙwaƙwalwa. Guda biyu ka gani saboda dama da hagu.

Dalilin da yasa lambar ke ƙasa, ita bata ware jinin da ya fito daga huhu kaɗai ba, duk jinin da ke cikin wajen take haɗawa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasa jini ne da ya riga ya sauke kayansa yana komawa. Saboda haka 60 zuwa 75 a goshi abu ne da aka saba gani, nas ɗin tayi daidai da bata tashi hankalinta ba. Mu abun da muke yi, tun kafin mutum yayi barci muke manna ta mu ga lambarsa ta asali, ita zamu dinga gwadawa da ita. In ta sauka da kashi 20 cikin 100 na asalin, ko ta faɗi ƙasa da 50, sai mu fara bincike, wuyansa ne ya murɗe, BP ne yayi ƙasa, jini ne ya tsinke, ko injin numfashi ne ke fitar da iskar kabon da yawa, don in ta ragu a jini jijiyoyin ƙwaƙwalwa tsukewa suke. Na taɓa ganin gefe ɗaya kawai ya faɗi ana tsakiyar aiki, na faɗawa likitan tiyata, ya gyara zaman bututun da ya saka a babbar jijiya, muna kallo lambar ta hau ta koma. A aikin zuciya tana da daraja ta musamman saboda lokacin da aka ɗora mutum kan injin da ke maye gurbin zuciya da huhu bugun jini kusan babu, abun yatsa sai ya daina karatu, ita kuwa bata buƙatar bugu. Ana amfani da ita a aikin jijiyar wuya, da aikin kafaɗa da ake yi mutum na kishingiɗe kamar a zaune, da jarirai, har akan tsokar tafin hannu ko naman da aka ɗauko daga wani waje aka dasa ana manna ta.

Amma tana da iyaka. Ɗan ƙaramin waje take gani a gaban ƙwaƙwalwa, abu zai iya faruwa a baya ko can ciki bata sani ba, jinin fatar kai na shiga lissafin, kuma na'urar wannan kamfani da ta wancan basa bada lamba ɗaya akan mutum ɗaya. Wanda ya samu mummunan rauni a kai kuwa akwai siririyar waya da ake zurawa cikin ƙwaƙwalwar ta ɗan huji a ƙoƙon kai tana auna oksijin kai tsaye, ta samo asali daga na'urar da Leland Clark ya ƙera a shekarun 1950, ana ƙoƙarin kar awon ya sauka ƙasa da 20 a nata ma'aunin.

Ƙaramin Likita:

Yallaɓai na gaishe ka, mun ƙaru ƙwarai. Ina so in ɗan ja da wani waje kaɗan don kar ɗalibarmu ta bar bautar 99 ta koma bautar 70 ko laktet.

Maganar ScvO2 ta kai 70 ta yi ƙarfi ne bayan binciken Emanuel Rivers a Detroit ta Amurka a 2001, mutum 263 masu cutar da ta shiga jini, mace mace ya sauka daga kashi 46.5 zuwa 30.5 a waɗanda aka bi da su ta wannan tsari. Duniya ta ɗauka. Sai a 2014 da 2015 aka yi manyan bincike guda uku, ɗaya a Amurka, ɗaya mafi yawansa a Ostireliya da New Zealand, ɗaya a Ingila, duk basu ga bambanci ba tsakanin bin lambar da kuma kulawa mai kyau ta yau da kullum. Awon na da amfani har gobe, amma shi kaɗai baya ceton rai.

Laktet ma ba kullum yake nufin rashin oksijin ba. Adirenalin na ɗaga shi, salbutamol da ake shaƙawa mai asma na ɗaga shi, wanda ya gama farfaɗiya zaka ga nasa ya yi sama ya sauko da kansa, mai ciwon hanta kuma baya iya share shi da wuri. Na ga inda aka dinga ɗura ruwa leda bayan leda ana bin laktet ya sauka, hannun mutum da ɗumi fitsari na zuwa, har ruwa ya cika masa huhu. A 2019 an fitar da wani bincike da aka yi a ƙasashe biyar na Kudancin Amurka akan mutum 424, rabi ana bin laktet, rabi ana bin danna yatsan nan da Sista ta faɗa, ana dannawa sakan 10 a saki. Masu danna yatsa kashi 34.9 suka rasu cikin kwana 28, masu laktet 43.4, bambancin bai kai matakin da masu lissafi zasu yanke hukunci ba amma ko banza ya nuna yatsa ba abun rainawa bane, kuma yana canzawa cikin mintuna, laktet sai an jira awanni.

Abu na ƙarshe kuma ya shafe mu kai tsaye. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun gwada lambar oksimita da awon jinin da aka ɗebo kai tsaye daga jijiya mai bugu. Cikin waɗanda na'ura ta nuna 92 zuwa 96, baƙaƙen fata kashi 11.7 ashe nasu na gaskiya ƙasa da 88 yake, fararen fata kashi 3.6. Wato a fatarmu na'urar na iya ƙara lamba. Ni tun daga nan in naga 92 ko 93 a mara lafiya mai haki bana sakin jiki, in da hali a ɗebi jinin jijiya a auna. Haka wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko gobara, gubar hayaƙin na kama himogulobin fiye da oksijin sau 200 da wani abu, na'urar kuma bata bambance su, zata nuna 98 mutum na mutuwa.

Mai Sa Barci:

Ban ƙi ko ɗaya ba ƙanina, musamman maganar ɗura ruwa, ta kashe mutane da yawa cikin kyakkyawar niyya. Abun da zan ƙara kawai, a mutumin ɗalibarmu duk alamun bakinsu ɗaya, zuciya na gudu, ƙafa sanyi, fitsari ya ɗauke, laktet sama, jini ƙasa, to anan laktet ɗin gaskiya ya faɗa. Inda suka saɓa da juna ne ake tsayawa ayi tunani kafin a rataya wata ledar.

Ɗalibar Jinya:

Nagode sosai Allah ya saka da alkhairi, wallahi na karanta sau uku na kwafe lissafin a littafina. Albishirinku, yau da safe an cire shi daga injin numfashi, laktet ya dawo 1.8, fitsari na zuwa har sai da na juye leda sau biyu, na kama ƙafarsa naji ɗumi har yatsu. Yau duk marasa lafiyan da aka bani saida na danna musu yatsa. Saidai Sista akwai wata tsohuwa da ke kusa da AC, nata ya kai sakan 4 amma komai nata lafiya, tana magana, fitsari daidai, na rasa in faɗa ne ko in yi shiru.

Sista Mai Aikin Dare:

Alhamdulillah, Allah ya ƙara masa sauƙi. Ita tsohuwar, sanyin ɗaki da tsufa duka suna jinkirta dawowar jini a yatsa. Ki lulluɓe mata hannun minti goma ki sake gwadawa, ki gwada ɗaya hannun, sannan ki danna a ƙirji kan ƙashin tsakiya ko a goshi inda sanyin ɗaki baya tasiri sosai. In can ya dawo da wuri to AC ne, ki matsar da gadon ko ki ƙara mata bargo. Amma ko ya ya fito ki rubuta shi da lokacin da kika gwada, kuma ki faɗawa sistar da kuke tare kafin ki miƙa duti.